Tsarin cin abinci na kito: tambayoyin da mutanen Jos suka fi yi, da amsoshinsu

A Jos yanzu da wuya ka zauna wajen suna ko walima ba ka ga wata ta ture farantin shinkafa ta ce ita tana kito ba. Maza ma sun shiga, musamman waɗanda aka auna wa sukari ko jini a asibiti suka ga lamba ta tsorata su. Ga tambayoyin da aka fi yi. Amsoshin bayani ne na kowa da kowa. Wanda yake shan magani kullum, likitan da ya rubuta masa maganin shi ne mai yanke hukunci.

Wai mene ne kito ɗin nan?

Tsarin cin abinci ne da ake rage sitaci da sukari matuƙa, a ƙara mai da kitse, a ci nama da kifi da ƙwai daidai gwargwado. Yawanci sitaci da sukarin yini guda ba sa wuce giram 20 zuwa 50. Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga mai yake fitowa, sauran daga furotin, wato sinadarin gina jiki, da ɗan abin da ya rage na sitaci.

Jiki ya saba aiki da sukarin da yake tatsa daga tuwo da shinkafa da burodi. In aka yanke masa, bayan kwana 2 zuwa 4 sai hanta ta koma sarrafa kitse, tana fitar da wasu sinadarai da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa da tsoka su riƙa amfani da su. Kamar gidan da gas ya ƙare ne aka koma gawayi: girki bai tsaya ba, amma kunnawar farko sai an sha hayaƙi. Wannan yanayin shi likitoci ke kira kitosis.

Sabon abu ne, ko dama can akwai shi?

Ya haura shekara 100. A 1921 wani likita mai suna Russell Wilder na asibitin Mayo Clinic a Amurka ya tsara shi, kuma ba don ƙiba ba, don yara masu farfaɗiya. Likitoci sun daɗe da lura cewa azumi yana rage faɗuwar mai farfaɗiya, amma ba a iya barin yaro da yunwa har abada, shi ne aka nemi abincin da zai sa jiki ya yi abin da yake yi a lokacin azumi. Da magungunan farfaɗiya suka yawaita daga ƙarshen shekarun 1930 sai aka yi watsi da shi, ya sake farfaɗowa a shekarun 1990. Rage ƙiba ta hanyar guje wa sitaci kuwa Dokta Robert Atkins ne ya yayata shi a shekarun 1970. Tun asali, ke nan, abincin jinya ne da ake yi ƙarƙashin kulawar asibiti, kuma wannan tarihin yana da amfani ga duk mai shirin farawa don ƙawarta ta fara.

Giram 50 ɗin nan, nawa ne a kwanonmu?

Kaɗan ne, fiye da yadda mutane ke zato. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45. Ayaba matsakaiciya guda ɗaya wajen giram 27. Ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi ta haura giram 35. Babban cokalin zuma giram 17. Yanka ɗaya na burodi wajen giram 13 zuwa 15. Dafaffen dankalin turawa, wannan namu na Bokkos da Mangu, kowane giram 100 yana ɗauke da kusan giram 20, doya ta fi haka. Malmala ɗaya ta tuwon masara ko na shinkafa ta cinye kason yini ita kaɗai.

Saboda haka masa, funkaso, gurasa, taliya, indomi, garin kwaki, fura, koko, kunun gyaɗa da kunun zaƙi duk sun fita. Wake ma, duk da alherinsa, ya haɗa furotin da sitaci, don haka ƙosai da alale da ɗanwake ba sa shiga kito mai tsauri.

Acha fa? Ai an ce ita ce abincin masu ciwon sukari.

Wannan tambayar mutumin Filato ba ya barinta. Acha hatsi ce mai kyau, ba ta da nauyi a ciki, kuma tana da wasu sinadaran gina jiki da masara ba ta da su sosai. Amma hatsi ce. Kusan kashi 3 cikin 4 na busasshiyar acha sitaci ne, kamar sauran 'yan'uwanta. Haka tamba, haka alkama, haka gero. Wanda ya bar tuwon shinkafa ya koma malmala biyu na tuwon acha bai shiga kito ba, kuma in mai ciwon sukari ne ya auna bayan awa 2 da ci ya gani da idonsa.

Gwate shi ne ya fi kusa da mafita. In aka rage tsakin aka cika tukunya da alayyahu da yakuwa da gauta da kabeji, ba a kira shi kito ba, amma ya fi yawancin abin da ake ci da sunan abincin rage ƙiba.

To in an cire duk wannan, me ya rage a ci?

A nan mutumin Jos ya fi kowa sa'a. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada da sassafe ya ga yadda ake sauke kabeji buhu-buhu, da latas, da koren tattasai, da kokwamba, da koren wake, da farin kabeji, ana ɗaure su a motoci zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Abin da mai kito a Maitama ta Abuja yake saya a leda da tsada, nan a tire ake kasa shi. Giram 100 na kabeji bai wuce giram 6 na sitaci da sukari ba, farin kabeji 5. Fiya, in aka cire ruwanta, kusan duk mai ce da harzar da jiki ba ya narkarwa. Sitiroberi na Chaha da ke wajen Vom, in lokacinsa ya zo da sanyi, ɗan tafin hannu ba ya ɓata lissafi. Karas da albasa ne ake yi wa a hankali, suna da ɗan zaƙi.

Miyarmu kuwa kusan duk ta shiga: kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, ayoyo, agushi, miyar alayyahu, miyar zogale da gyaɗa. Daddawa ba ta da laifi. Ƙwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, matuƙar ba a zuba sukari ba, cikakken abincin rana ne. Sai ƙwai, kifi, kaza, nama, farfesun kayan ciki, awara, cuku, riɗi da gyaɗa gwargwado. Gyaɗar nan ita ce ke yaudarar mutane, don hannu ba ya sanin ya ƙarar da kwalba.

Matsalar ita ce abin da za a ci miyar da shi. Mata sun ƙirƙiro tuwon kabeji: a yayyanka kabeji, a markaɗa da ruwa kaɗan, a juye a ƙyallen tata a matse shi sosai har ya zama dunƙule, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, a barbaɗa cokali 1 ko 2 na garin siliyom, wani gari mai shanye ruwa ya yi kauri da ake samu a manyan kantuna, a tuƙa har ya kama jikinsa. Kada wani ya ruɗe ki, 'yar'uwa, ba ya kama da tuwo, kuma ƙamshin kabejin ba ya ɓuya. Da miyar kuɓewa mai yaji yana wucewa. Da yawa bayan mako biyu sukan haƙura su riƙa shan miyar da cokali, da nama a ciki, kuma hakan ma daidai ne.

Ni a waje nake karyawa, wajen mai shayi. Yaya zan yi?

Teburin mai shayi ya fi gidan abinci sauƙi. Ka ce a soya maka ƙwai 3 da albasa da tattasai, shayi ba sukari, madara ɗan ɗigo, ba Milo ba Bournvita, ba burodi ba indomi. Ranar farko zai dube ka ya tambaya ko lafiya, rana ta uku da kansa zai ajiye wuƙar burodin in ya hango ka.

Tsire da balangu da gasasshen kifi sun shiga, a ce a ƙara kabeji da tumatir, a bar masa. Kilishi sai ka tambaya, domin wasu suna sa sukari ko zuma a cikin labu. Kindirmo marar sukari, rabin kofi, ba laifi. Yogot na kanti yawancinsa sukari ne. Zoɓo a haɗa a gida da citta da kanumfari ba zaƙi. Kunun aya bai shiga ba: ayar kanta tana da sitaci da sukari, ga dabino a kai.

Na sauke kilo 3 a mako ɗaya. Kitse ne ya narke?

Yawancinsa ruwa ne, Hajiya. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, wajen giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da kusan giram 3 na ruwa. In ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari. Ƙari a kan haka, in insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya sauka ƙoda tana sakin gishiri, ruwa ya bi shi. Shi ya sa makon farko ake yawan zagayawa.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori wajen 7,700. Ba mai ƙona kilo 3 na kitse a kwana 7 da canjin abinci kawai. Bayan makon farko, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiya mai kyau. A nan ne da yawa ke karaya su ce kito ya daina aiki, alhali a lokacin ne ainihin aikin ya fara.

Da gaske ya fi sauran hanyoyin rage ƙiba?

A watannin farko yakan fi saurin sauke nauyi. In aka kai shekara, tazarar ba ta da yawa. Wani nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara gwaje-gwaje 13, ya samu cewa masu kito sun fi masu rage mai sauke nauyi da ƙasa da kilo ɗaya bayan shekara ko fiye. A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford sun bi mutum 609 tsawon wata 12, rabi suna rage sitaci, rabi suna rage mai. Masu rage sitaci sun sauke wajen kilo 6, masu rage mai wajen kilo 5, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. A kowane ɓangare an samu wanda ya rame sosai da wanda ya ƙara ƙiba.

A ganina ƙarfin kito a wuri biyu yake. Yana kashe yunwa, don mai da furotin suna daɗewa a ciki. Sannan doka ce mai sauƙin ganewa wadda ke raba mutum da lemo, biskit, cincin, burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari a rana ɗaya. Duk wanda ya bar waɗannan zai ga canji, ko ya shiga kitosis ko bai shiga ba. Ba wani sirri a cikin man shanu. In ka ci mai fiye da abin da jikinka ke ƙonawa, kana kito kana ƙiba.

Tun da na fara kaina ke ciwo, jikina ba ƙarfi. Al'ada ce?

Da yawa suna fuskantar haka a kwanaki 3 zuwa 7 na farko: ciwon kai, kasala, jiri, ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, saurin fushi. Rashin ruwa da gishirin da suka fita ne. A sha ruwa sosai, ko da sanyin Disamba ya hana jin ƙishi, a sha romon nama ko na kifi. In ya wuce mako biyu, ko ya zo da amai da bugun zuciya, a dakata a ga likita.

Akwai warin baki mai kama da ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, daga kiton ne da ke fita ta numfashi. Asuwaki da ruwa suna rage shi. Akwai kuma taurin bayan gida, wanda ke tayar wa masu basir da ciwonsu. Maganinsa ganye da kuɓewa da ruwa. Mai yin kito wanda abincinsa ƙwai da tsire ne kawai, shi ke shan wannan wahalar.

Ina da ciwon sukari. Zan iya yi?

Wannan ita ce tambayar da ba a amsa ta da wasa. Rage sitaci yana sauke sukarin jini, babu musu. Ƙungiyar masu kula da ciwon sukari ta Amurka ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa a cikin hanyoyin abinci, rage sitaci gaba ɗaya shi ya fi samun hujja wajen daidaita sukari. Amma haɗarin ma daga nan yake. Maganin da aka rubuta maka an auna shi ne da tuwon da kake ci. In ka cire tuwon ka bar maganin yadda yake, sukari zai iya faɗuwa ƙasa.

Masu allurar insulin da masu shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, ko gliclazide, su ne gaba a wannan haɗarin. Alamominsa rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, ruɗewa, har suma. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, a sha sukari ko lemo nan take, maganar kito ta jira.

Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin, wato Jardiance da Forxiga, nasu ya fi ɓoyuwa. Haɗa waɗannan da kito yana iya sa kiton ya taru har jini ya yi tsami, alhali na'ura tana nuna sukari daidai. Haka masu nau'in ciwon sukari na 1, wanda yakan fara tun ƙuruciya. Amai, ciwon ciki, numfashi da sauri da zurfi, magagi: wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti ko da tsakar dare. Metformin shi kaɗai ba ya cika jawo faɗuwar sukari, amma shi ma a sanar da likita. Baba, in kana zuwa asibitin masu sukari a JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko Plateau Specialist ko Jankwano, ka faɗa musu kafin ka fara, ka nemi a haɗa ka da jami'in abinci, kuma ka mallaki na'urar awo a gida.

Cin mai da yawa ba zai toshe jijiyoyin zuciya ba?

Ya danganta da man da kuma jikin. A wajen yawancin mutane kito yana sauke kitsen jini da ake kira tiraigilisarid, ya ɗaga kolestarol mai amfani. Amma a wajen wasu yana ɗaga LDL, wanda shi ne ke taruwa a jijiya, wani lokaci ɗagawa mai yawa, kuma ba a jin sa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Man shanu, kitsen sa da na rago, da man kwakwa duk irinsa ne, manja ma kusan rabinsa. Wanda ke zuba man shanu a kofi kowace safiya don ya gani a bidiyo ya wuce wannan iyaka tun kafin azahar.

A fi dogara da man gyaɗa, riɗi, fiya, man zaitun in da hali, da kifi mai maiƙo irin titus da sadin. A yi gwajin kitsen jini kafin farawa, a maimaita bayan wata 2 ko 3.

Masu hawan jini kuma su yi hattara da shawarar da ake yawan ba masu kito ta shan ruwan gishiri. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ne a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da yajin tsire sun riga sun kai mu can. Ta ɗaya gefen, in nauyi ya sauka jini ma yakan sauka, sai maganin ya yi yawa mutum ya riƙa ganin jiri in ya miƙe. A riƙa aunawa.

Su wa bai kamata su fara ba sam?

Mai ciki da mai shayarwa. An samu masu shayarwa da jininsu ya yi tsami saboda yanke sitaci, don nono yana jan sukari daga jikin uwa. Mai jego ta sha kununta. Masu ciwon ƙoda, ciwon hanta, ko kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Wanda ke da tsakuwar maɗaciya ko aka cire masa ita. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ko ciwon gaɓɓai na gawut. Masu sikila, domin ƙarancin ruwa yana tayar da ciwo. Yara da 'yan mata masu tasowa, da duk wanda ya taɓa shiga halin ƙin abinci don tsoron ƙiba. Mai aikin ƙarfi kuma, ɗan dako a kasuwar Katako ko mai haƙar kuza ko manomi a damina, ba shi da buƙatarsa.

Yarona yana da farfaɗiya, magani bai tsayar ba. In gwada masa a gida?

A'a. Gaskiya ne a cikin yaran da magani ya gaza musu, kusan rabi sukan samu raguwar faɗuwa da rabi ko fiye a kan wannan abinci. Amma na asibiti daban yake da na rage ƙiba: ana auna komai a sikeli, sau da yawa giram 4 na mai a kan kowane giram 1 na furotin da sitaci a haɗe, ana ƙara bitamin, ana duba jini da girman yaro da ƙodarsa. A kai maganar wajen likitan yara, kuma kada a tsayar da magani.

Yaya kito da azumi? Dabino fa?

Kada a fara kito a makon farko na Ramadan; wahala biyu ce a lokaci ɗaya, ga ƙishirwa. Wanda ya riga ya saba tun kafin wata ya kama yakan ji azumin da sauƙi, don yunwa ba ta damunsa sosai. Ƙaramin dabino irin namu wajen giram 5 zuwa 6 ne, babban na Makka mai taushi yakan kai 18. Buɗa baki da ƙarami 1 ko 3 yana shiga cikin giram 50, ba sai an bar sunna ba. Abin da ke rushe lissafi shi ne kunu da ƙosai da soyayyen dankali da ke biyo baya. Da sahur a ci ƙwai da ganye da fiya, a sha ruwa tsakanin magariba da asuba a hankali, ba a tashi ɗaya ba. Mai ciwon sukari da ke son haɗa azumi da kito, wannan sai da likita.

Tukunya ɗaya muke yi a gida. Ta yaya zan ware kaina?

A nan yawancin kito ke mutuwa, ba a sikeli ba. Mace ce za ta tuƙa tuwon mutum goma, ta kwashe, ƙamshi yana dukan hancinta, sannan ta zauna da kwanon ganye. Maigida yana ganin an raina cefanensa. Uwar miji ta ga an fara ramewa ta kira ɗanta gefe ta tambaye shi ko wani abu yana damun yarinyar nan. A wajenmu har yanzu ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, rama kuwa sai an yi bayani. Ga biki, ga suna, ga Sallah, ga Kirsimeti in maƙwabta suka aiko da shinkafa da kaza, kuma mayar da kwano yadda ya zo ba tarbiyya ba ce.

Abin da na ga yana aiki shi ne kada a ɗora tukunya ta biyu. Miya ɗaya ce ta kowa, ke ki ƙara ganye da nama ko awara a naki. Ki faɗa wa maigida tun farko, da dalilinki, kafin ya ji a bakin wani. Mama kuma ba a yi mata lacca. "Mama, gwiwata ce ke ciwo, an ce in rage nauyi" ya wadatar, in dai gaskiya ne. A gidan biki ki karɓa, ki ci naman da salak, ki yi godiya.

In kuma kin ga rigimar ta fi ƙarfinki, akwai tsaka-tsaki, kuma ni shi na fi ba mutane shawara: rabin malmala maimakon biyu, rabin faranti ganye, ba lemo, ba sukari a shayi, wake da acha gwargwado, tafiyar minti 30 kullum. Ba kito ba ne, ba za ki sauke kilo 3 a mako ba. Amma za ki iya yin sa shekara biyar a cikin gidanki ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, kuma wanda ya ɗore shi ke cin riba.

Ba tsada?

Akwai tsada. Hatsi shi ne abinci mafi arha, shi ya sa talaka ya dogara da shi, kuma kowa ya san kuɗin kiret ɗin ƙwai yanzu. Amma garin almon da man kwakwa na kwalba da burodin kito ba dole ba ne. Awara, agushi, riɗi, busasshen kifi, kayan ciki, kabeji da zogale sun isa. Abin da bai dace ba shi ne ƙwai da naman yara su koma kwanon uba don yana kito.

Shayin kito da ƙwayoyin da ake tallatawa fa?

Ajiye kuɗinka. Hantarka ce ke yin kiton, kyauta. Shan kiton na gwangwani yana ɗaga lambar a jini na ɗan lokaci, ba ya ƙona kitsen ciki. Yawancin shayin rage tumbi kuwa ganyen filasko ne ko maganin sa fitsari, abin da ke fita ruwa ne da bayan gida, kuma yawan shan su yana kwashe gishirin jiki. A duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a kuma karanta ƙananan rubutun: da yawa daga kayan gargajiya suna ɗauke da sanarwar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin maganin ba.

Yaya zan san na shiga kitosis?

Akwai tsinken gwajin fitsari a manyan kemis, yana canza launi, amma bayan makonni yakan daina nunawa sosai. Na'urar jini ta fi daidai: 0.5 zuwa 3 shi ne ma'aunin da ake nema. Mai neman rage ƙiba bai cika buƙatar ko ɗaya ba. Tef ɗin tela ya fi amfani. A auna ƙugu daidai saman cibiya, a nemi ya zama ƙasa da rabin tsayi. Mai tsayin santimita 160, ƙugunta kada ya kai 80.

Har yaushe ake yi, kuma yaya ake dainawa?

Binciken da ya bi mutane shekaru masu yawa a kan kito mai tsauri kaɗan ne, don haka masu kula da abinci da yawa sukan ba da wata 3 zuwa 6, a duba jini, sannan a sassauta. Kada a daina da farantin shinkafa da lemo a rana ɗaya. A fara dawo da wake, alale, gwate mai yawan ganye, gwanda da lemon zaƙi, a ƙara kaɗan kowane mako ana duba sikeli da tef. Kilo 1 ko 2 zai dawo cikin kwanaki. Ruwan nan ne da ya fita a makon farko, ba kitse ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini da aka rage wa magani lokacin kito ya koma asibiti a sake duba adadin, domin abincin ya canza.